Gwiwar Kawu Namadi

Ƙarfe biyun dare a Idi-Araba,
janareta na tari a bayan ɗakin karatu.
Na jingina hotuna biyu a gilashin taga:
na dama, gwiwar Kawu Namadi,
na hagu, ta wata dabba
da ko a mafarki bai taɓa cin karo da ita ba.

Kangaru.
Malamarmu ta ce mu duba ta da kyau,
abin da ido ke kira gwiwarta, mai lanƙwasa ta baya,
idon sawu ne.
Gwiwar gaske na can sama, a maƙale da ciki,
kamar kuɗin da tsohuwa ta ƙulle a bakin zane.

Ƙoƙon gwiwarta ma ba ƙashi ba ne,
guringuntsi ne mai tauri, mai yafiya.
In ta dira, agararta ta miƙe kamar roba,
ta karɓi nauyin ajiya,
ta mayar mata da shi a tsalle na gaba.
Ƙasa na binta bashi, tana bin ƙasa,
kullum a biye, ba a kwana da saura.

Na juya ga hoton dama.
Shekara talatin da ɗaya a Alaba Rago,
buhun wake, buhun gero, buhun albasa mai lami,
daga bayan tirela zuwa rumfar Iya Sikira,
a kan katakon da aka gitta bisa kwata.
Tsakanin ƙashi da ƙashi, inda ya kamata a ga fili,
babu ko wurin zura allura.
Dutsen niƙa biyu ne, tsabar ta ƙare,
suna niƙa juna.

Ran Lahadi na kai masa a waya.
Ya kalla har sau uku, ruwan sama na dukan kwano,
ya ce, "Wannan zomo ne ko ɗan akuya?
Wa ya biyo shi?"
Na ce babu kowa, tafiyarsa ke nan,
kuma ƙara gudu ba ya ƙara masa haki sosai.
Ya yi dariya har ya dafe gwiwa,
dariyar ta tsaya a nan.

"To me take ɗauka?"
Na ce ɗanta, a jakar ciki.
"Nata ne, ashe. Ai nata ba ya nauyi."
Ya yi shiru, yana murza man zafi,
ni kuma na tuna rasit ɗin makaranta
da ke zuwa Zariya da ƙanshin albasa.

Ban da agarar da zan dasa maka, Kawu.
Ba a aro guringuntsi daga wata nahiya.
Abin da na samo a wajen dabbar kaɗan ne:
gaɓa ba ta son a bar ta ita kaɗai da kaya.
Sai cinya ta taya, sai ƙwauri ya karɓa,
sai dira ta zo da laushi.
Zauna, miƙe ƙafa, ƙirga goma.
Sake.
Kujera a sallah ba raini ba ce,
wanda ake wa sujadar ya san abin da ya halitta.

Jiya muka bi ta gadar sama a Oshodi.
Danfo na ihu a ƙasa, mutane na ture mu.
Na ce, in za a hau, mai lafiya ce gaba,
in za a sauka, mai ciwo.
Ya ce, "Yau kuma ni ake koya wa tafiya."
Ya riƙe ƙarfe da hagu, kafaɗata da dama,
mataki, numfashi, mataki.
A na goma sha bakwai ya tsaya,
ya ce, "Hurera, ita dabbar taki,
in ta tsufa, wa ke riƙe ta?"

Littafin bai faɗa ba.
Muka ci gaba da sauka.